Pit a lambun Sakkwato: yadda ake reno da shi, inda yake zama asara, da abin da zai tsaya a madadinsa

Renon tsiro a tire, wato farantin roba mai ƙananan gurabe, yana ƙara shiga aikin masu noman rani a Sakkwato, kuma tsadar iri ce ta kawo haka. Ingantaccen irin tumatir, tattasai, kabeji ko kankana na kamfani a ƙirge ake sayar da shi. Wanda ya biya kuɗin ƙwaya dubu ba zai yarda ya watsa ta a ƙasa rabi ya fito rabi ya ɓace ba. Shi kuwa tire ba a cika shi da ƙasar gona zalla, domin tana daskarewa ta shaƙe saiwa. Ta nan pit ya shigo, wato wannan ƙasa mai laushi, mara nauyi, mai launin ƙasa-ƙasa, da ake kawowa daga waje cikin manyan ledoji.

Pit yana aiki, babu musu. Sai dai wurin aikinsa ƙanƙane ne: tiren reno. Ko a nan ɗin ma ana iya rage shi rabi ko a bar shi ɗungum. Zuba shi a gadon shuka ko a ramin dashen itace, a ƙasa da rana irin tamu, zubar da kuɗi ne, ga kuma ɓarnar da haƙarsa ke yi can inda aka ɗebo shi.

Abin da ke cikin ledar

Pit ragowar gansakuka ce da ciyayin dausayi da suka mutu cikin ruwa. Da yake ruwa ya hana iska shiga, ga kuma tsami da sanyi, ba su gama ruɓewa ba, sai suka yi ta taruwa wani bisa wani, kimanin milimita 1 a shekara. Wanda ake sayarwa don lambu yawancinsa daga Latbiya, Istoniya, Lituweniya, Finlan, Jamus da Kanada yake fitowa. Baƙar ƙasar fadamar Rima ba pit ba ce, laka ce mai nauyi, don haka kada baƙinta ya ruɗe ka.

Yana riƙe ruwa ninki 10 zuwa 20 na nauyinsa a bushe, kuma duk da haka yana barin kafar iska ga saiwa. Galibi ba ya ɗauke da irin ciyawa ko cutar ƙasa. Waɗannan biyun su ne amfaninsa. A ɗaya gefen kuma, ɗanyensa yana da tsami sosai, a ma'aunin tsami na pH, wanda lambarsa ke raguwa idan tsami ya ƙaru, yana tsakanin 3.5 da 4.5, alhali tumatir da tattasai sun fi son 5.5 zuwa 6.5. Ba shi da abincin shuka a cikinsa, don haka kiran sa taki kuskure ne da ke jawo wa mutane asara. Hali na ƙarshe shi ne wanda ya fi damun mai lambu a Sakkwato: idan ya bushe ƙamas, ƙin shan ruwa yake yi. Za ka zuba, ruwan ya bi gefe ya tsiyaye ta ƙasa, cikinsa kuwa yana nan a bushe.

Kafin ka biya kuɗi, duba jikin ledar. Iri biyu ne a kasuwa: ɗanye, da wanda aka riga aka gyara wa tsami aka sa masa ɗan taki. Gyararren za ka ga an rubuta pH 5.5 zuwa 6.5 ko kusa da haka. Don tire, nemi mai laushi, wanda aka rubuta girman ƙwayarsa 0 zuwa 5 ko 0 zuwa 7 na milimita. Akwai farin pit, na saman dausayi, mai zare-zare da yawan iska, akwai kuma baƙi, na can ƙasa, wanda ya fi riƙe ruwa amma idan ya bushe yakan tsuke ya yi tauri. A zafinmu, haɗin da fari ya fi yawa a ciki ya fi sauƙin sarrafawa. Ledar da ta yage ta daɗe a rana a bakin shago, ko mai warin tsami da fumfuna, bar ta.

Lissafi kafin saye

Tire mai gurbi 128 yana cin lita 3 zuwa 4, wato kusan robar fenti ɗaya. Leda mai lita 70 ke nan za ta cika tire kamar 20, tsiro 2,500 da ɗoriya. Idan tumatir za ka dasa da tazarar santimita 75 tsakanin layi da 50 tsakanin tsiro, hekta ɗaya na ɗaukar tsiro kusan 26,600. Da rarar cike gurbi, tire 230 ke nan, leda 11 zuwa 12 idan pit zalla ne. Mai eka ɗaya leda 5 ta ishe shi. Idan ka bi haɗin rabi da za a kawo a gaba, raba wannan adadi biyu.

Riƙe wannan lissafi a kai, domin shi ne zai nuna maka dalilin da ya sa ba a zuba pit a gona.

Aiki da shi a tire

Fara da jiƙa shi tun daren jiya. Zazzage adadin da kake bukata a baho ko bisa tamfol mai tsabta, ka murmushe curin da hannu. Zuba ruwa lita 1 ga kowace lita 4 zuwa 5 ta pit, kaɗan-kaɗan kana cuɗawa. Ruwa mai ɗumi, irin wanda ya wuni a jarka cikin rana, ya fi saurin shiga. Rufe da leda ya kwana. Da safe ɗebi cikin hannu ka matse: idan ɗigo ɗaya ko biyu suka fito kuma curin ya tsaya, ya yi daidai. Idan ruwa ya zubo, ƙara busasshe. Idan ya warwatse, ƙara ruwa. Wanda ya cika tire da busasshen pit yana cewa zai shayar daga baya, ya riga ya ɓata aikinsa tun kafin ya sa iri.

Idan ɗanye ka samu, sai ka kashe tsamin. Ana sa garin farar ƙasar noma, wadda ake kira dolomait, giram 3 zuwa 5 ga kowace lita, wato giram 200 zuwa 350 ga leda mai lita 70. A cuɗa sosai, a jiƙa, a bar shi mako ɗaya kafin shuka. Farar ƙasar shafe bango ba ta dace da wannan aiki ba, tana iya ƙona saiwa. Idan za ka haɗa pit ɗin da gawayin buntun shinkafa da taki, rabin wannan adadi ya isa, domin su ma suna rage tsami.

Tsohon tire a wanke shi da sabulu, a jiƙa shi minti 30 cikin ruwan bilic, kashi 1 bilic kashi 9 ruwa, a ɗauraye a shanya. Cutar da ta kashe renon bara tana iya kwana a jikin roba.

Cika tiren har baki, ka ɗaga shi ka buga a ƙasa sau biyu a hankali don ya zauna, ka cike gurabun da suka lotsa, ka share saman da katako. Kada ka danna da yatsa. Dannawa tana kashe kafar iskar da ka biya kuɗi dominta. Gurabun gefe su aka fi mantawa, kuma su ne suka fi saurin bushewa.

Zurfin iri: tumatir da tattasai da attaruhu santimita rabi zuwa 1, kabeji rabin santimita, latas a ɗora shi a sama a yayyafa masa ɗan kaɗan. Kankana tana son gurbi babba, tire mai 72 ko kusa da haka, da zurfin santimita 1.5 zuwa 2. Ƙwaya ɗaya a gurbi ɗaya. A rufe, a yi ban-ruwa da buta mai rariya mai ƙananan huji, a jera tiren a inuwa a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhun algarara ko jarida. Daga rana ta uku a riƙa leƙawa safe da yamma. Da zarar tsiro na farko ya ɓullo a yaye rufin, in ba haka ba su yi tsawo su yi fari cikin yini ɗaya. Kabeji da kankana kan fito cikin kwana 3 zuwa 5, tumatir 4 zuwa 7, tattasai da attaruhu 7 zuwa 14. Zafi na hana tsirowa: irin latas yakan ƙi fitowa idan ya haura digiri 30, tumatir kuma idan ya haura 35. Don haka renon Satumba da Oktoba, da na bazara, sai a ɗaki ko rumfa mafi sanyi har su ɓullo.

Kada tire ya zauna a ƙasa. Ɗora shi bisa benci na raga ko katakai da aka jera kan bulo, aƙalla santimita 30 daga ƙasa. Saiwar da ta leƙo ta hujin ƙasa iska za ta tsayar da ita, sai ta yi rassa a ciki ta kama ƙasar gurbin tamau. Wannan kuma yana raba ka da gara. A sama, ragar inuwa mai kashi 30 zuwa 50 cikin 100, ko rumfar zana mai shara-shara. Lokacin hunturu a kafa zana ta gefen arewa maso gabas, inda iskar ke bugowa.

Ban-ruwa da safe, sosai, har ya ɗigo ta ƙasa. Da azahar ɗaga tiren da hannu: nauyinsa shi zai gaya maka, ba launin samansa ba. Idan ya yi sakayau, ƙara. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke wuce digiri 40, sau biyu ko uku a yini ba abin mamaki ba ne. Bayan la'asar sakaliya kuwa a daina, don ganye da gindi su kwana a bushe.

Abincin da kamfani ya sa a gyararren pit ba ya wuce mako biyu zuwa uku. Da ganyen gaskiya na farko ya fito, wato wanda ke biyo bayan ƙananan ganye biyu na tsirowa, fara ba su taki mai narkewa, irin NPK 20-20-20, rabin giram zuwa giram 1 a lita, sau biyu a mako. Cokalin shayi ɗaya a shafe kimanin giram 5 ne, ya ishi lita 10 a makon farko. Idan 15-15-15 na buhu ne a hannu, jiƙa giram 10 cikin lita 10 ya kwana, ka tace. Kada a ba tsiron da ke jin ƙishi taki. A shayar da shi tukuna.

Tumatir kan isa dashe cikin kwana 21 zuwa 28, kabeji kamar mako 4, tattasai da attaruhu mako 5 zuwa 6, kankana mako 2. Kwana 5 zuwa 7 kafin dashe a riƙa janye inuwa ana rage ruwa don su yi ƙwari. Ranar dashe a shayar da tiren sosai, a dasa da yamma, kuma a rufe curin pit ɗin da ƙasa kamar santimita 1. Idan samansa ya tsaya a waje, zai riƙa zuƙo ruwa daga saiwa yana miƙa wa rana kamar lagwanin fitila, sai ka ga tsiro ya yi yaushi alhali ƙasar da ke kewaye da shi a jiƙe take.

Idan abu ya lalace

Tiren da ya bushe har pit ya janye daga jikin roba, zuba masa ruwa ta sama ba zai yi ba. Sa shi cikin baho mai ruwa santimita 2 zuwa 3 na minti 10 zuwa 15 ya sha ta ƙasa, sannan a ɗaga ya tsane.

Tsiron da gindinsa ya tsuke ya yi baƙi ya kwanta, fumfunar ƙasa ce ta kama shi, kuma yawan ruwa, shayarwar dare da rashin iska ne ke buɗe mata ƙofa. Cire waɗanda suka faɗi tare da ƙasar gurbinsu, ka raba tiren da sauran, ka rage ruwa. Kore-koren da ke shimfiɗa a saman gurbi da ƙananan baƙaƙen ƙudaje masu tashi in an taɓa tire, su ma alamar jiƙa ce da ta wuce kima.

Idan tsofaffin ganyen ƙasa suka fara rawaya, yunwa ce, ƙara taki. Idan kuwa sababbin ganyen sama ne suka yi rawaya jijiyoyinsu na nan kore, tsiron ya kasa ɗaukar sinadarin ƙarfe saboda pH ya hau, wato tsamin ya ragu fiye da kima. Wannan na faruwa da masu shayarwa da ruwan rijiya ko burtsatse mai farar ƙasa, kuma a yankin da ke kan dutsen da ake siminti da shi, irin na Kalambaina, ba baƙon abu ba ne. Alamar ruwan ita ce farin ɓawon da yake bari a butar shayi. Mai irin wannan ruwa ya rage farar ƙasar da yake sa wa ɗanyen pit, ya fesa takin ganye mai ƙarfe, in da hali ya haɗa da ruwan gulbi ko na sama. Farin ɓawo a saman gurbi da ƙonewar bakin ganye kuwa gishirin taki ne ya taru. A shayar da ruwa zalla mai yawa sau ɗaya ya wanke.

Inda ba a sa shi

Don a shimfiɗa pit kaurin santimita 2 kawai a fili mai murabba'in mita 100, wato mita 10 sau 10, sai an zuba lita 2,000, kusan leda 29. Adadin da zai reni tsiron fiye da hekta biyu ke nan, a ɗan filin da bai kai tsakar gida babba ba. Kuma bayan an zuba, ba abinci ya kawo ba. Abin da jigawarmu ta rasa shi ne ruɓaɓɓen abu mai ciyar da shuka, kuma kashin shanu da na tumaki da awaki sun fi pit nesa a wannan. A ƙasa mai zafi da ake shayarwa kullum pit yana saurin ruɓewa ya ƙare, wanda ya rage a sama kuma ya bushe iskar hunturu ta kwashe.

Albasa, wadda ita ce ƙashin bayan noman rani a Wurno, Goronyo, Kware da Gada, renonta a ƙasa ake yi, mako 6 zuwa 8, kuma gado mai ruɓaɓɓen taki da rufin ciyawa ya wadatar da ita. Ledar renon mangwaro, gwaiba, zogale ko dogon-yaro a cika ta da kashi 2 ƙasar sama, kashi 1 yashi, kashi 1 ruɓaɓɓen taki. Uwargida mai shuka alayyafo da tumatir a buhu ko tsohon bokiti cikin gida ta haɗa kashi 2 ƙasa, 1 taki, 1 gawayin buntu, ta huda gindin. Riƙe laima a gona kuwa, rufe ƙasa da tattakar shinkafa ko ciyawa kaurin santimita 5 ya fi duk wani abu da za a sayo a leda.

Abin da ake bari a can

Dausayoyin pit kashi 3 cikin 100 ne kawai na doron ƙasa, amma kabon da ke binne a cikinsu ya fi na itatuwan dukan dazuzzukan duniya, kusan ninki biyu. Muddin suna cikin ruwa, yana nan a kulle. Don a haƙi pit sai an yanka magudanu an tsiyaye dausayin, an kankare ciyayin sama, an barbaza fuskar ƙasar ta bushe, sannan manyan injuna su zuƙe. Daga ranar da ruwa ya sauka iska ta shiga, ƙwayoyin halitta sun fara cin abin da ya taru cikin dubban shekaru suna mai da shi iskar kabon mai ɗumama duniya. Mita ɗaya na zurfi aikin shekara kamar 1,000 ne. Ana iya mayar da ruwa gansakuka ta sake rufe wurin, wasu kamfanoni na yin hakan, amma kaurin da aka kwashe ba zai dawo a zamanin jikokinmu ba. Tsuntsaye da tsirran da ba sa rayuwa sai a irin wannan wuri su ma sun tafi, haka aikin da dausayin ke yi na riƙe ruwan sama.

Abin da ke cikin ledar shi ma iska zai koma. Mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi, wato lita 1,000, ta farin pit tana da nauyin kilo kamar 100 a bushe, rabinsa kabon. In ya gama ruɓewa ya ba da iskar kabon kilo 180 ko kusa da haka. Leda mai lita 70 ke nan kimanin kilo 13, daidai da ƙona man fetur lita 5 zuwa 6, ban da jirgin ruwan da ya kawo ta Legas da motar da ta hauro da ita Sakkwato.

Sai dai a faɗi gaskiya duka. Dausayoyin da aka tsiyaye suna fitar da kashi 4 zuwa 5 cikin 100 na iskar ɗumama duniya da ayyukan ɗan Adam ke fitarwa, amma mafi yawan wannan daga noma da gandun itace ne, kamar gonakin kwakwar manja na Indunusiya inda gobarar pit ta 2015 ta turnuƙe ƙasashen yankin da hayaƙi. Haƙa don lambu ƙaramin kaso ne. A Afirka ma akwai babban dausayin pit a kwarin Kwango, wanda aka fitar da taswirarsa a 2017, faɗinsa fiye da murabba'in kilomita 145,000. Ba daga can namu ke zuwa ba.

Abin da ya shafi aljihu kai tsaye shi ne masu haƙa da masu saye a Turai sun fara ja da baya. Kamfanin gwamnatin Ayalan, Bord na Móna, ya sanar da daina haƙar pit a 2021. A 2022 gwamnatin Birtaniya ta ce za ta hana sayar da shi ga masu lambun gida a Ingila daga 2024, ko da yake dokar ta yi jinkiri. Kayan da ake saye da kuɗin waje, kuma wasu masu haƙarsa sun fara dainawa, ba abin da za a ɗora sana'ar reno a kansa ba ne.

Gawayin buntu

Buntun shinkafa yana jibge a bayan injinan casa, a wasu wuraren ma cinna masa wuta ake yi don a rabu da shi. Ɗanyensa ba ya shan ruwa kuma yana zuwa da irin shinkafa da na ciyawa, amma in aka mai da shi gawayi ya zama abu mara nauyi, mai tsabta, mai buɗe ƙasa, wanda ke daɗewa bai ruɓe ba.

Samo babban gwangwani ko rabin ƙaramin duro, ka huda jikinsa ko'ina da ƙusa babba, ka fasa gindinsa ka sa bututun ƙarfe mai tsawon mita 1 zuwa 1.5. Hura ƙaramar wuta a fili nesa da rumbu da ɗakin kara, ka kifa gwangwanin a kai, ka tula busasshen buntu buhu 3 zuwa 4 kewaye da shi. Wutar za ta riƙa ci daga ciki a hankali hayaƙi na fita ta bututun. Duk inda baƙi ya ɓullo a sama, ɗebo daga ƙasa da shebur ka rufe. Bayan awa 3 zuwa 5, idan kusan duka ya yi baƙi, ture bututun da sanda, baza buntun, ka kashe shi da ruwa sosai. A nan ake yin sake: in ruwan bai ratsa ba, wuta za ta ci gaba a ɓoye, da safe ka tarar da farar toka. Toka kuwa kanwa-kanwa ce, tana ƙona tsiro. Abin da za ka samu kamar rabin abin da ka tula ne. Ɗauraye shi sau ɗaya kafin amfani. Ranar da iska ke kaɗawa kada a yi wannan aiki.

Takin da ya nuna

A busasshiyar ƙasa rami ya fi tsibi, domin tsibi bushewa yake yi kafin ya ruɓe. Haƙa rami mita 1.5 sau 1.5, zurfin mita 1, a inuwa. Jera kashi 3 busassun abubuwa, irin su sassaren karan gero, ɓawon gyaɗa, ganyen itace da sharar kayan gwari, da kashi 1 kashin shanu ko na tumaki, hawa-hawa kana yayyafa ruwa. Rufe da tsohuwar tabarma. Soka rodi a tsakiya. Bayan kwana 3 zuwa 5 in ka zaro shi ya kamata ya yi zafin da ba ka iya riƙewa da daɗewa. Wannan zafi, digiri 55 zuwa 65, shi ke kashe irin ciyawa. In bai yi zafi ba, ko ruwa ya yi kaɗan ko kashin dabba. Juya duk mako biyu. Cikin mako 8 zuwa 12 zai yi baƙi, ya huce, warinsa ya koma na jiƙaƙƙiyar ƙasa. Tankaɗe shi da raga mai hujin milimita 5.

Kafin ya shiga tire, gwada shi: shuka ƙwaya 20 ta tumatir mai araha a cikinsa, 20 a yashi zalla. Idan na takin suka gaza na yashin sosai, ko saiwarsu ta yi ja ta gajarce, bai nuna ba, ƙara masa mako uku. Kashin kaji kada ya shiga haɗin tire ko kaɗan, gishirinsa da zafinsa sun yi yawa.

Don kashe cuta, ranar Sakkwato ta isa. Jiƙa takin, shimfiɗa shi kaurin santimita 10 zuwa 15 bisa leda, rufe da farar leda mai nuna ciki, danne bakin da ƙasa, ka bar shi mako 3 zuwa 4 a watan Afrilu ko Mayu. Abin da aka gasa a bazara a ɗure a buhu mai tsabta, shi za a yi renon kaka da shi.

Kokopit da haɗe-haɗen

Kokopit garin ɓawon kwakwa ne, yawanci daga Indiya da Sirilanka, a matse kamar bulo. Mai kilo 5 yana shan ruwa lita 20 zuwa 25 ya kumbura ya ba da lita 60 zuwa 70. Ba shi da tsamin pit, kuma in ya bushe yana karɓar ruwa nan take, wanda a nan babban abu ne. Aibinsa gishiri. A jiƙa shi a tsiyaye sau 2 zuwa 3, sannan in akwai takin kalsiyam naitiret a jiƙa shi kwana ɗaya cikin giram 1 zuwa 2 a lita, a sake ɗaurayewa. Shi ma abincinsa kaɗan ne, tsarin ba da taki bai canja ba.

Mai son rage pit ya fara da kashi 2 pit, 1 gawayin buntu, 1 tankaɗaɗɗen taki. Mai son barinsa ya sa kokopit a gurbin pit ɗin, sauran yadda suke. Wanda ba ya son sayen komai daga waje ya haɗa kashi 2 gawayin buntu, 1 taki, 1 ƙasar sama mai laushi da aka gasa a rana. Wannan na ukun ya fi nauyi, ya fi saurin tsanewa, kuma curinsa ya fi saurin wargajewa wurin ciro tsiro, don haka ya fi dacewa da tire mai manyan gurabe, a kuma ƙara wa tsiron kwana 3 zuwa 4 saiwa ta gama kamawa. A duk haɗin, taki kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu, ko ɗaya cikin uku in ya nuna ƙwarai. Fiye da haka gishiri ke hana iri fitowa.

Kada ka juya renon hekta guda zuwa sabon haɗi a tashi ɗaya, domin takin wani ba irin na wani ba ne, haka ruwan rijiya. Cika tire biyu da kowane haɗi, iri ɗaya, rana ɗaya, benci ɗaya. A kwana na 10 ƙirga gurabun da suka fito. A kwana na 21 ciro tsiro biyar daga kowanne ka duba ko saiwar fara ce kuma ta kama curin. Haɗin da ya ba da tsiro 115 ko fiye cikin 128 da ingantaccen iri ya isa a dogara da shi. Ragowar ledar pit kuwa a ɗaure bakinta da ɗan laima a ciki, a ajiye a ɗaki bisa katako, a yi amfani da ita cikin wata shida.